Godiya ga masu matsar man gyaɗa na kusa da Kasuwar Dole

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ni ɗaliba ce a jami'ar André Salifou, na fito ne in yi godiya a bainar jama'a ga wani ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa da ke kusa da Kasuwar Dole, saboda karamcin da suka yi mana ni da ƴan gurup ɗinmu.

Gasa muka shiga, irin wadda ake cewa ɗalibai su zaɓi wata sana'a ta kayan gona ta gaske, su gano inda kuɗi ke shigowa da inda suke zurarewa, sannan su kai shawara gaban juri. To samun wanda zai yarda ya buɗe maka littafinsa shi ne aiki, wallahi mun sha rana. Wani biro aka ce sai da takarda mai hatimi, muka kawo, aka ce darakta ya tafi Yamai ku dawo, da muka dawo kuma wai takardar ba a san inda ta shiga ba. Wani wurin mai gadi ne ma ya kore mu tun daga ƙofa, wai ƴan haraji ne suka turo mu leƙen asiri. Kuɗin kabu-kabu kaɗai ya cinye mana aljihu.

Da muka shiga wurin nan har mun shirya jin "ku dawo gobe", sai Hajiyar da ke riƙe da lissafi ta ce ƴaƴana ku zauna, ta sa aka kawo ruwa, ta jawo babban rajista duk gefensa ya yi baƙi da mai, tana bi da yatsa layi layi. A nan muka gane man shi kaɗai da ƙyar yake maida kuɗin gyaɗa da wuta da jarka, ribarsu tana cikin tunkuza da ƙuliƙuli. Ta nuna mana yadda suke saye da kaka lokacin da tiya ke araha, amma jari ya kwanta a sito wata da watanni, ga kuma naira, in ta faɗi kayan Najeriya su cika kasuwa ta Magarya da Matamaye farashi ya karye. Wannan duk ba a allo muka koye shi ba.

Ranar gasa juri suka tsare mu da tambaya kan ajiya, muka amsa ba inda-inda, har ɗaya daga cikinmu ya samu sitaj, wato wurin koyon aiki. Hajiya Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a.

Su kuwa masu manyan gine-gine da ke ta kukan wai ɗaliban yanzu ba su iya komai ba, a ina za mu iya in ko kujera ba a ba mu? Kullum ana taron otal kan matasa da noma, a ci a sha a ɗauki hoto, amma ɗalibi ya zo da tambaya guda sai ya yini a tsaye bakin ƙofa.