Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni batun tauraruwar fim Greta Garbo da ƙawayenta

Assalamu alaikum, Hajiya.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya kan tarihin fim, kin bugo waya kin tambaya ko da gaske ne manyan taurari mata na Hollywood ta farko suna maɗigo a ɓoye, ko kuwa ƙage ne mutanen yanzu suke ɗora wa matattu. Lokaci ya ƙure, ban ba ki komai ba sai kame-kame. Ga amsar a rubuce.

Akwai abin da ya tabbata, akwai abin da har gobe zato ne, kuma masu ba da labarin sukan zuba su a ƙwarya ɗaya su dama.

Wadda labarinta ya fi ƙarfi ita ce Alla Nazimova, haifaffiyar Yalta a 1879, wadda ta yi tashe tun fim bai fara magana ba. Ita ake jingina wa sunan da aka riƙa kiran waɗannan mata da shi a asirce, wato "taron ɗinki", kai ka ce allura da zare ke haɗa su. Daga 1912 ta riƙa nuna wa duniya Charles Bryant a matsayin mijinta. A 1925 mutumin ya je ya auri wata, a takardar auren kuma ya rubuta cewa bai taɓa aure ba. Nan asiri ya tonu, 'yan jarida suka yi mata ca. Daga 1929 har mutuwarta a 1945 da wata mata, Glesca Marshall, ta zauna. Haka Dorothy Arzner, darakta mace da ta yi fice a lokacin da maza suka mamaye sana'ar, ta yi wajen shekara 40 a gida ɗaya da Marion Morgan.

Me ya kawo ɓoyon? Kada ki ɗauka kunya ce kaɗai. Kuɗi ne. Bayan abin fallasar da ya afka wa ɗan barkwanci Roscoe Arbuckle a 1921, kamfanoni suka fara sa sharaɗin ɗa'a a kwangilar 'yan wasa: ka zubar da mutuncin kamfani, a sallame ka. A 1930 aka rubuta dokar tace fim ta Hays, a 1934 aka damƙa wa Joseph Breen aikin tilasta ta. Kowane babban kamfani yana da ma'aikatan da aikinsu shi ne shirya wa tauraruwa saurayin nuna wa jarida da toshe bakin masu tsegumi. Abin dariyar shi ne, kafin dokar ta yi tsauri, Marlene Dietrich ta sa kwat ɗin maza ta sumbaci mace a fim ɗin Morocco na 1930, Greta Garbo ma ta yi haka a Queen Christina na 1933, jama'a suka sayi tikiti suka kalla. A majigi wasa ne, a gida kuwa laifin da zai ci aikin mutum.

Ita Dietrich ba ta wahalar da masu bincike ba. Tana da miji tun 1923, ba su taɓa rabuwa a takarda ba, kuma 'yarta Maria Riva da kanta ta rubuta cewa uwar ta yi hulɗa da maza da mata.

Inda nake jan birki shi ne kan Garbo, wadda kika fi ambata. Yawancin abin da ake faɗa a kanta ya biyo ta hannun Mercedes de Acosta, marubuciyar da ta yi kusa da Nazimova da Dietrich da Garbo duka. A 1960, ga ciwo ga rashin kuɗi, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta. Ba ta fito ƙarara ta ce komai ba, amma mai hankali ya gane inda ta dosa. Garbo ta yanke hulɗa da ita. De Acosta ta kuma sayar da takardunta ga gidan tarihi na Rosenbach a Philadelphia, aka rufe wasiƙun Garbo har sai ita Garbo ta shekara goma da mutuwa. A Afrilun 2000 aka buɗe su, 'yan jarida suka cika wurin suna jiran ganin kalaman soyayya. Ba su samu furuci ƙarara ba. Masu cewa ƙawance ne kawai suka ce kun gani, masu cewa soyayya ce suka ce ai mace mai taka-tsantsan irin Garbo ba za ta rubuta abin da zai kama ta ba.

Ni dai abin da zan iya dafa wa shi ne, de Acosta ta so Garbo so mai tsanani na shekaru. Abin da ke zuciyar Garbo kuwa, matar da ta bar fim a 1941 tana da shekara 36, ba ta taɓa aure ba, ta yi kusan shekara 50 tana guje wa masu kyamara, mafi yawan shekarun a New York, ba zan rantse a kansa ba. Ta tafi da bakinta a rufe a 1990. De Acosta ta riga ta tun 1968, a cikin talauci, a garin da Garbo ke zaune, ba su shirya ba.

Na gode da tambayar, Hajiya. A gaida mutanen gida.

Naki,
Baƙon shirin na makon jiya