Taron Helgoland da tambayar da aka daɗe ana cewa ba ta da amfani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani taron masana kimiyya da aka gudanar a ƙasar Jamus daga ranar 9 zuwa 14 ga watan Yunin 2025, wanda a ganina bai samu kulawar da ta dace da shi ba a kafafen yaɗa labaranmu na Hausa, alhali abin da aka tattauna a cikinsa ya shafi wayar da ke aljihun kowannenmu da kuɗin da ke asusunsa na banki.

An buɗe taron a birnin Hamburg, daga nan mahalarta kusan 300 suka hau jirgin ruwa zuwa Helgoland, wani ɗan ƙaramin tsibiri da ke Tekun Arewa. An zaɓi wurin ne saboda a can, cikin watan Yunin 1925, wani matashi Bajamushe ɗan shekara 23 mai suna Werner Heisenberg ya je jinyar atishawa da kumburin fuska da ƙurar furanni ke jawo masa, kuma a zamansa na tsibirin ya samo bakin zaren lissafin da ya zama tushen kimiyyar kwantum, wato ilimin da ke bayyana ɗabi'ar ƙwayar zarra da elektron da ƙwayoyin haske. Cikar wannan aiki shekara 100 ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a ranar 7 ga Yunin 2024, ta ware shekarar 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum ta duniya. Ya kamata masu karatu su sani cewa Ghana ce ta gabatar da daftarin wannan ƙuduri a gaban Babban Zauren Majalisar, saboda haka ba za mu ce batun bai shafi yankinmu ba.

Abin da ya fi jan hankalina game da taron shi ne, bayan ƙarni guda ana amfani da wannan ilimi, bayan ya haifar da taransista, wato ɗan ƙaramin makunnin lantarki da ke cikin kowace waya da kwamfuta, a 1947 da hasken lesa a 1960 da na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci da maganaɗisu, manyan masanansa har yanzu ba su yarda da juna ba a kan abin da lissafin nasu yake faɗa game da haƙiƙanin duniya. A zaman taron, Anton Zeilinger na ƙasar Ostiriya ya bayyana ra'ayinsa cewa lissafin kwantum bayani ne na abin da muka sani da abin da za mu iya hasashe, ba hoton wata duniya da ke can a tsaye ba, sai Alain Aspect na Faransa ya ce shi bai yarda ba. Waɗannan mutane biyu tare suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 2022, a kan aiki iri ɗaya. Bayan taron, mujallar Nature ta wallafa sakamakon jin ra'ayin masana fiye da 1,100, inda fassarar da ta fi samun magoya baya, wadda ake jingina wa Niels Bohr da Heisenberg, ta tsaya a kashi 36 cikin ɗari kacal.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, domin na sha jin irinsa daga bakin ɗalibai da ma wasu abokan aiki: idan lissafin yana aiki, na'urori suna fita kasuwa, to mece ce fa'idar tara furofesoshi a tsibiri su yi ta musu a kan ma'ana? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tarihin wannan fanni ya amsa ta dalla-dalla, kuma amsar ba ta goyi bayan mai tambayar ba.

Musun ya samo asali tun taron Solvay na watan Oktoban 1927 a birnin Brussels, inda masana 29 suka hallara, 17 daga cikinsu sun samu ko kuma daga baya suka samu lambar Nobel. A can Albert Einstein ya fara ƙalubalantar Bohr. A 1935 Einstein da abokan aikinsa Boris Podolsky da Nathan Rosen suka fito da hujjarsu mafi ƙarfi. Lissafin kwantum ya nuna cewa ana iya samar da ƙwayoyi biyu a sarƙe da juna ta yadda idan aka auna ɗaya a nan, nan take an san abin da awon ɗayar zai bayar komai nisan da ke tsakaninsu. Einstein ya ce babu wani abin al'ajabi a ciki, kamar a ce an raba takalmi ƙafa biyu ne a kwali biyu, aka aika ɗaya Sakkwato ɗaya Maiduguri. Wanda ya buɗe nasa ya ga ƙafar dama ya san ta hagu ce a can, domin tun daga wurin ɗauri aka yanke maganar. A wurin Einstein, tunda lissafin bai faɗi abin da ke cikin kwalin ba kafin a buɗe, to lissafin ne bai cika ba. Bohr bai amince ba, kuma kusan shekara 30 yawancin masana suka ɗauki batun a matsayin falsafa da ba ta da ranar ƙarewa, suka ci gaba da harkokinsu.

Wanda ya sauya lamarin shi ne John Bell, ɗan Ireland ta Arewa, wanda aikinsa na yau da kullum a CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, ya shafi ƙwayoyin zarra da injinan da ke harba su, nazarin musun Einstein da Bohr kuwa a gefe yake yin sa. A 1964 ya nuna cewa saɓanin Einstein da Bohr abu ne da za a iya gwadawa a ɗakin bincike. Idan da gaske kowace ƙwaya tana ɗauke da amsarta tun daga gida, to daidaituwar da za a gani tsakanin awo biyun tana da iyakar da ba za ta wuce ba. A tsarin da John Clauser da abokansa suka fitar a 1969, iyakar a ma'aunin wannan daidaituwa ita ce 2, lissafin kwantum kuwa ya ce za a iya kaiwa kusan 2.83. Bell ya buga wannan aiki a wata ƙaramar mujalla da ba ta daɗe ba ta daina fitowa, kuma aka yi shekaru ba a waiwaye shi ba. Clauser da Stuart Freedman suka yi gwajin farko a Berkeley ta Amurka a 1972, duk da an gargaɗi Clauser cewa ɓata lokacinsa yake yi, kuma shi kansa yana fatan Einstein ne zai yi nasara. Sakamakon ya ƙetare iyakar Bell. Lokacin da Aspect, yana matashi, ya je wurin Bell da shirin nasa gwajin, abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne ko yana da aiki na dindindin, domin ya san irin kallon da ake yi wa mai taɓa wannan batu. Aspect ya kammala gwajinsa a 1982, sannan a 2015 masana a jami'ar Delft ta ƙasar Holan suka maimaita shi da elektron biyu da ke nesa da juna da kilomita 1.3, suka toshe manyan kafofin shakka da suka rage.

To ga inda amfanin ya ɓullo, ta hanyar da babu wanda ya tsara. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek suka tabbatar cewa ba shi yiwuwa a kwafi halin ƙwayar kwantum wanda ba a san shi ba, kuma abin da ya kai su ga hakan shi ne neman kuskuren da ke cikin wata shawara ta aika saƙo fiye da gudun haske. Bayan shekara biyu, a wani taro a birnin Bangalore na Indiya, Charles Bennett da Gilles Brassard suka mayar da wannan hani ya zama makulli. Mai aikawa yana tura ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, kowace an saita ta bisa ɗayan tsari biyu da ya zaɓa ba tare da wani ƙa'idajjen jeri ba, mai karɓa shi ma yana aunawa da tsarin da ya ga dama, daga baya su riƙe waɗanda zaɓinsu ya zo ɗaya su zama mabuɗin sirrinsu. Ɗan leƙen asirin da ya tare ƙwayoyin a hanya ba zai iya kwafarsu ba, dole ya auna, idan kuwa ya auna kowace ya sake turawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mabuɗin zai fito da kuskure, masu saƙon su gane an shiga tsakaninsu. A 1991 Artur Ekert ya nuna cewa gwajin Bell ɗin nan da kansa, wanda aka ƙirƙira don raba gardamar falsafa, ana iya amfani da shi wajen tabbatar da cewa babu mai saurare. A 2016 ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Micius, wanda a 2017 ya raba sarƙaƙƙun ƙwayoyin haske tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200, kuma a watan Maris na 2025 aka sanar da musayar mabuɗi ta wani ƙaramin tauraro tsakanin Sin da jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, tazarar kilomita 12,900.

Har lambar Nobel ta fiziks ta 2025 wannan hanya ta biyo. John Clarke da Michel Devoret da John Martinis sun yi gwaje-gwajensu a 1984 da 1985 don amsa tambayar ko dokokin kwantum suna aiki a kan abu babba kamar da'irar lantarki da mutum zai iya riƙewa a hannu. Irin wannan da'ira ce a yau kamfanonin Google da IBM suke gina kwamfutocinsu na kwantum da ita.

Yallaɓai Edita, a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Duk lokacin da ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya tura kuɗi ta waya, ko mai POS ya zura kati, tsaron saƙon ya dogara a kan wasu matsalolin lissafi da kwamfutar yau ba ta iya warwarewa cikin lokaci mai ma'ana, misali gano lambobi biyu da aka ninka suka ba da wata lamba mai alƙaluma 617. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai isasshen girma za ta yi wannan aiki cikin sauƙi. Irin wannan kwamfuta ba ta samu ba tukuna, kuma bai kamata a tsorata jama'a ba: na'urar Willow da Google ya nuna a watan Disambar 2024 kyubit 105 gare ta (kyubit shi ne ƙaramin ma'ajin bayani na kwamfutar kwantum), alhali ƙiyasin da wani masanin kamfanin ya fitar a 2025 ya ce aikin zai buƙaci kyubit kusan miliyan ɗaya. Sai dai ƙiyasin 2019 miliyan 20 ya ce, saboda haka tazarar raguwa take yi, kuma wanda ya tara bayanan sirri a kulle yau yana iya ajiye su har ranar da zai samu abin buɗewa. Shi ya sa hukumar ƙa'idoji da fasaha ta Amurka ta fitar da sababbin hanyoyin kulle bayanai guda 3 a watan Agustan 2024. Ina ganin haƙƙin 'yan jarida ne su tambayi bankunanmu da hukumomin da ke riƙe da bayanan 'yan ƙasa, tun daga lambar BVN har zuwa NIN, wane shiri suke yi na komawa kan waɗannan hanyoyi, kuma su wa za su yi musu aikin idan ba mu horar da namu masanan ba.

Akwai kuma wata ɓarna da rashin bayani a harshenmu yake haifarwa. Na tsaya a wata kasuwa na ga mutum ya kafa tebur da kwamfutar tafi-da-gidanka da wani ɗan ƙarfe da ake ba mutum ya damƙa a tafin hannu, bayan minti ɗaya ko biyu allo ya cika da jerin cututtuka na hanta da ƙoda da ƙashi, ana ce wa jama'a na'urar kwantum ce, a ƙarshe kuma a nuna musu maganin da za su saya a kan teburin. Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta biya. Babu abin da ya haɗa wannan ƙarfe da kimiyyar da nake magana a kai. Na'urorin kwantum na gaske irin na Google sai an sanyaya su kusan matuƙar sanyin da halitta ta yarda da shi kafin su yi aiki. Haka nan masu cewa sarƙewar ƙwayoyi tana ba da damar aika saƙo ko warkarwa daga nesa, lissafin da kansa ya hana hakan, domin mai awo a wannan gefe ba shi da ikon zaɓar sakamakon da zai fito, kuma sai an haɗa bayanan ɓangarorin biyu ta hanyar sadarwa ta yau da kullum kafin a ga daidaituwar.

Ba ina cewa jami'o'inmu su bar binciken noma da lafiya da ruwan sha su koma musun Einstein da Bohr ba, kuma na san halin da ɗakunan gwajinmu suke ciki. Amma babban ɓangare na wannan fanni takarda da alƙalami yake buƙata, da malamin da ya iya lissafi, da ɗalibin da ba a kashe masa gwiwa ba. Aikin Bell na 1964 shafuka shida ne. Idan kwamitin raba kuɗin bincike ya ɗauki ɗabi'ar tambayar kowane matashi abin da aikinsa zai sayar cikin shekara biyu, to irin su Clauser da Aspect ba za su tsallake tantancewar farko ba a wurinmu.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda malaman fiziks da lissafi da kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu, daga Zariya da Kano da Sakkwato har zuwa Yamai da Maraɗi, za su riƙa bayyana wa jama'a da Hausa abin da ake tattaunawa a irin waɗannan tarurruka, su kuma amsa tambayoyin masu karatu. Ni a shirye nake in ba da tawa gudummawar idan aka buɗe wannan fili.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin fiziks, daga Zariya