Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ɗakin Karatu Na Majalisar Dokokin Amurka Kan Bill Pickett

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ni Bakano ne, cikin waɗanda suka tashi da kallon fim ɗin kaboyi a silima. Duk kaboyin da muka sani Bature ne, da malafa a ka da bindiga a ƙugu. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na ji labarin Bill Pickett, baƙar fata ɗan Texas da aka haifa a 1870, wanda mahaifinsa tsohon bawa ne.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon mahauta suna hawan ƙaho ba sai an yi masa dogon bayani ba. Doki na gudu, Pickett zai diro a kan bijimi, ya cafke ƙahonin biyu, ya murɗe wuyan har hancin ya kalli sama. Daga nan sai ya kafa haƙora a leɓen bijimin, ya saki hannuwa, ya faɗi da baya, dabbar ta biyo shi ƙasa. An ce wurin karnukan da ke kama shanu ya ga wannan dabara. Har yau ana wasan a Amurka, cizon kawai aka daina, kuma ni ban ga laifin wanda ya hana ba.

Ya yi shekaru yana wasa a ayarin wasan kaboyi na gonar 101 ta Oklahoma, inda Tom Mix ma ya yi aiki kafin ya zama tauraro. A 1921 kamfanin Richard Norman ya ɗauki Pickett a finafinai biyu marasa magana, The Bull-Dogger da The Crimson Skull, don 'yan kallo baƙar fata. Na biyun ya ɓace ƙurmus. Na farkon guntaye kawai suka rage. Shi kuwa Pickett doki ya harbe shi a ka, ya rasu a 1932.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 1994. Hukumar gidan waya ta tashi karrama shi da kan sarki, sai aka buga hoton ɗan'uwansa Ben. Danginsa ne suka gano, aka janye. Mutum ya yi suna har haka, amma masu karrama shi ba su san fuskarsa ba!

Ga roƙona. Kowace shekara ofishinku yana zaɓar finafinai 25 ya sa a kundin finafinan ƙasa. Ku sa guntayen The Bull-Dogger a ciki. Kada a ce sun yi kaɗan, domin a 2018 kun karɓi wani fim na 1898 wanda bai kai minti ɗaya ba, kuma a 2021 kun karɓi The Flying Ace na shi wannan Norman ɗin.

Na biyu, a ci gaba da cigiya. Rahoton da ku da kanku kuka fitar a 2013 ya ce kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun salwanta, amma ai a 2010 an dawo da finafinai marasa magana 75, dogaye da gajeru, daga wani rumbun ajiya a New Zealand. Ku aika wa irin waɗannan rumbuna sunan Pickett da hotonsa, na gaskiyar, ba na Ben ba.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani tsohon ɗan kallo daga Kano