A Binciki Ƙwayoyin da ke Cikin Hanjinmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga masanan Jami'ar Ahmadu Bello. Hanjin ɗan Adam cike yake da bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta, masu amfani: suna taya narkar da abinci, suna tare wa masu cuta hanya. Sai dai yawancin binciken a Turai da Amurka aka yi, kan mutanen da ba su san daddawa ko kindirmo ba. Ga asibitin koyarwa a Shika, me muke jira?

Abin da ya fi damuna, a Tudun Wada yaro na yin mura sai a sayo masa kafson kashe bakteriya a kyamis. Kafson nan ba ya maganin mura, kuma har ƙwayoyi masu amfanin yake kashewa. A binciko illarsa ga yaranmu, a faɗa mana a rediyo.

Naka,
Mai karatu daga Samaru, Zariya