Attajiran da ke Biyan Albashi Don a Yi Karta da Su

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata sana'a da ke ba ni dariya kuma take burge ni, wato ta ƙwararrun 'yan wasan kartar da ake kira birij, da attajiran da ke ɗaukar nauyinsu. Kada mai karatu ya ji karta ya zaci caca ce, domin a manyan gasanni kofi da suna ake nema. Mutum huɗu ke zama, biyu suna karawa da biyu, kowa da kati 13.

Da yake kuɗin kyauta a wasan bai taka kara ya karya ba, abincin ƙwararre yana hannun ubangidansa. A 1968 Ira Corn, wani ɗan kasuwa a birnin Dallas na Amurka, ya tara zaratan 'yan wasa ya yanka musu albashi domin su karya lagon Italiya, kuma suka ɗauki kofin duniya na Bermuda Bowl a 1970 da 1971.

Abin dariyar shi ne, yawancin iyayen gidan na yanzu ba sa yarda su tsaya a gefe, sai sun zauna an dama da su. Ƙungiya mutum shida ce, huɗu ke wasa a lokaci guda, kuma doka ta ce sai ɗan wasa ya buga wani kaso kafin a lissafa shi cikin waɗanda suka ci kofi. A nan ƙwararre ke shiga tsaka mai wuya. A birij, idan aka gama cinikin farko, wato inda 'yan wasa ke faɗin yawan zagayen da suke ganin ɓangarensu zai ci, ɗaya daga cikin abokan wasa yakan baje katinsa a tebur ya naɗe hannu, ɗayan ya buga duka biyun, don haka sai ka ga ƙwararre yana ta dabara domin buguwar ta faɗo hannunsa, maigida ya zauna yana kallo. In kuwa aka yi rashin dace maigidan ya riƙe ragama ya tafka kuskuren da ɗan koyo ba zai yi ba, wanda ake biya ba shi da bakin faɗa, sai ya haɗiye takaici ya ce ai rabon katin ne bai zo da kyau ba. Da maigida ya cika kasonsa ya tafi hutawa, sai ƙwararrun huɗu su duƙufa cike ramin da ya haƙa.

Duk da haka, ni ban yarda a raina waɗannan attajirai ba. Wanda ya san wasan folo a Kaduna ko Katsina ya san mai dawaki yakan hau da kansa tare da gwanayen da ya ɗauko, kuma in ya kasa kowa na gani. Haka Nick Nickell na Amurka ya zauna a tebur da kansa, ƙungiyarsa ta ci Bermuda Bowl a 1995, 2000, 2003 da 2009. Pierre Zimmermann, mai harkar gidaje, shi ma da katinsa a hannu ya ci wa Suwizalan kofin a 2022, ya sake ɗaukarsa a 2023 a birnin Marrakesh na Maroko, bayan kwanaki yana fuskantar mutanen da ba su da wata sana'a sai wannan.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kaduna