Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Firaministan Indiya, Narendra Modi, kan fursunonin Sikh

Mai girma Firaminista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ba ɗan Indiya ba ne, ba kuma mabiyin addinin Sikh ba. Bakano ne da neman ilimi ya kai jihar Punjab, cibiyar mabiya Sikh, ya yi 'yan shekaru ya dawo gida. Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma na ci abincin mutanen nan, kuma abin da na ci ne ya hana ni yin shiru.

Ranar da abokan karatuna suka kai ni Amritsar, wurin ibadarsu mai rufin zinare, na cire takalmi, na ɗaura ƙyalle a ka, muka zauna a ƙasa sahu-sahu. Wani dattijo mai rawani ya biyo layi da bokitin miya ya zuba mini, wani ya miƙo gurasa, na tara hannu biyu na karɓa kamar yadda na ga ana yi. Ba wanda ya tambaye ni addinina ko ƙasata. Langar suke kiran wannan ciyarwa, ba dare ba rana. Ranka ya daɗe, mutanen da suka ɗauki ciyar da baƙo ibada, idan dattijonsu ya ture kwano ya ce ba zai ƙara ci ba, tura ce ta kai bango.

A watan Nuwamban 2013 Gurbaksh Singh Khalsa ya zauna a wurin ibada na Amb Sahib da ke Mohali, ya yi kwana 44 yana yajin cin abinci, yana neman a saki fursunonin Sikh da suka daɗe a ɗaure. Aka ba wasu hutun 'yan makonni, ya sha ruwa, hutu ya ƙare aka mai da su gidan yari. Ya sake zama a ƙarshen 2014, bai samu komai ba. A watan Maris na 2018 ya faɗo daga kan tankin ruwa a ƙauyensu da ke jihar Haryana, ya mutu da maganar a bakinsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Bapu Surat Singh Khalsa. Tsoho ne da ya haura tamanin, 'ya'yansa na Amurka, yana da inda zai je ya huta cikin jikoki. Sai ya zauna a ƙauyen Hassanpur kusa da Ludhiana, ranar 16 ga Janairun 2015 ya daina ci. Hukuma ta ɗauke shi zuwa asibiti, 'yan sanda a bakin ƙofa, aka zura masa roba ta hanci ana ɗura masa abin da zai riƙe rai. Haka aka yi ta yi har shekara takwas, sai a 2023 ya haƙura. Ya rasu a farkon 2025, manyan waɗanda ya yi dominsu suna nan a ɗaure. Abin da ya ɗaure mini kai, gwamnatin da ta iya tsare numfashin tsoho ɗaya tsawon wannan lokaci ta kasa ba shi amsa ta layi biyu.

Ba na ce mutanen nan ba su da laifi ba. Bom ɗin da ya tashi a Chandigarh ranar 31 ga Agustan 1995 ya kashe babban ministan Punjab, Beant Singh, da wasu mutum 16, kuma su ma suna da marayu. Balwant Singh Rajoana, ɗaya daga cikin fursunonin, wanda aka yanke wa hukuncin kisa kan bom ɗin, bai taɓa musun hannunsa a ciki ba. Na kuma san hujjar lauyoyin gwamnati, cewa ɗaurin rai da rai a dokar Indiya na nufin har mutuwa, duba yiwuwar sassauci bayan shekara 14 alfarma ce ba haƙƙi ba.

To, in alfarma ce, wa ake yi wa? A 2022 Kotun Ƙoli ta sallami waɗanda aka ɗaure kan kisan tsohon Firaminista Rajiv Gandhi, bayan sun shafe kimanin shekara 30. A shekarar dai, ranar 15 ga Agusta, jiharka ta Gujarat ta saki mutum 11 da suka yi wa Bilkis Bano fyaɗe suka kashe danginta, da amincewar ma'aikatar cikin gida ta tarayya, har sai da Kotun Ƙoli ta mai da su a Janairun 2024. Ɗan Punjab yana ganin duk wannan. Yana kuma tuna cewa bayan kashe Indira Gandhi a 1984 an hallaka 'yan'uwansa mabiya Sikh 2,733 a Delhi kaɗai, a ƙidayar gwamnati, amma sai a 2018 aka ɗaure Sajjan Kumar, babban ɗan siyasar da aka samu da hannu a kisan. Gwamnatinka ce ta sake buɗe wasu daga cikin waɗannan shari'u, wannan kam a yaba maka.

Sai maganar alkawari. A 2019, lokacin bikin cika shekara 550 da haihuwar Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, gwamnatinka ta sanar da cewa za a saki fursunonin Sikh takwas, a kuma mai da hukuncin kisan Rajoana ɗaurin rai da rai. Ba da daɗewa ba ministan cikin gida ya tashi a majalisa ya ce ba a yi wa Rajoana afuwa ba. Takardar neman afuwarsa kuwa tun 2012 aka shigar, lokacin da aka dakatar da rataye shi saura 'yan kwanaki. A Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ce magana tana hannun gwamnati. A Disambar shekarar shi ma ya shiga yajin cin abinci a gidan yarin Patiala, sai da shugabannin addininsu suka lallashe shi. Mutum ya kwana ya tashi sama da shekara goma bai san ko igiya ce ko rai ba, wannan hukunci ne da babu alƙalin da ya rubuta shi. Ita kanta Kotun Ƙoli, jinkiri irin wannan da taɓin hankali ta duba a 2014 ta sauke wa wani fursunan Sikh, Devinder Pal Singh Bhullar, hukuncin kisa.

Ƙasarka ta fi kowa sanin nauyin yunwar da mutum ya zaɓar wa kansa. Da ita Mahatma Gandhi ya gigita Turawan mulkin mallaka, kuma a kurkukun Lahore ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya Jatin Das ya mutu a 1929 bayan kwana 63, yana yaji tare da abokin gwagwarmayarsa Bhagat Singh, wanda kake yabo duk shekara.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ɗauko fayil ɗin kowane ɗayansu, a sa rana, a yanke. Wanda ya cancanci saki a bar shi ya tsufa a gidansa, wanda gwamnati ke ganin haɗari ne ta faɗi dalili a rubuce, ya samu abin da zai kai kotu. Tun Janairun 2023 jama'a suka kafa tantuna a iyakar Mohali da Chandigarh suna zaman jiran wannan amsa, kuma ba a rasa wani tsohon a cikinsu da ke shirin ture nasa kwanon.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi a Punjab, daga Kano