Wasiƙar iyaye ta wannan wata: wa ke biyan kuɗin karatun yaranmu?

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata da masu riƙon yara a nan Bronx, barkanmu da sanyi, ya aiki ya yara?

A taron da ya wuce wata Hajiya ta tambaye ni, wai tunda ba a karɓar ko sisi a hannunmu kuma makarantar ba ta gwamnati ba ce sak, to wa ke biyan malamai? Na ji daɗin tambayar wallahi, don da yawanmu har yanzu kallon firamare mai zaman kanta suke mana irin na Kumasi ko Yamai.

Makarantar cata (charter school a Turance), irin tamu, da kuɗin gwamnati take tafiya amma hukumar makarantar ce ke riƙe da ita. A jihar Minnesota aka fara dokar irin waɗannan makarantu a 1991, New York ta yi tata a 1998. Lasisin ma na wa'adi ne, bai wuce shekara 5, sai a zo a duba sakamakon yara kafin a sabunta.

Kuɗin kuwa ɗalibi yake bi. Jiha ce ke yanke nawa za a biya kan kowane yaro, sannan gundumar ilimi ta inda yaron yake zaune ita ke turo mana, sau 6 a shekara, duk bayan wata 2. A shekarar karatu ta 2023-24 a birnin nan abin ya ɗan haura dala 18,000 kan yaro ɗaya. Za ku ce kai ai da yawa, to a ciki ake albashi, littattafai, kwamfutoci, inshora, wuta da ɗumama ajujuwa, har hayar ginin nan, kuma hayar ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, saboda dokar 2014 da ta ce birni ya ba da wuri ko ya taimaka da haya sababbin makarantu ta shafa da masu ƙara ajujuwa, mu kuwa mun riga ta buɗewa. A ganina wannan ba adalci ba ne, yaranmu ba su fi wasu ba amma wasu ma ba su fi su ba. A Albany, babban birnin jiharmu, ake tattauna irin wannan cikin kasafin jiha, wanda ya kamata a gama kafin 1 ga Afrilu.

Shi ya sa nake roƙonku abu biyu. Idan za a tafi gida da yaro biki ko rasuwa, don Allah ku shigo ofis ku faɗa mana tukuna, in ya daɗe ba labari sunansa na iya fita daga rajista, kuɗinsa ya tsaya, gurbinsa a ba na jerin jira. In kun sauya gida ma ku kawo sabon adireshi.

Na biyu fom ɗin samun kuɗin iyali, da shi ake lissafa tallafin gwamnatin tarayya na Title I, wanda ake ba makarantu saboda yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Ba ya tambayar takardun zama. Wanda Turancin ya ba shi wahala ya same ni bayan an tashi, mu cike tare, ina ofis har ƙarfe 5.

Na gode,
Mai kula da hulɗa da iyaye